Hayar Jirgin Ruwa a Ƙurarren Lokaci

Masu ba da hayar jiragen shaƙatawa a gaɓar Bahar Rum da mako suke ciniki, makonsu kuma daga Asabar yake farawa. Jirgi ya fita Asabar da la'asar, ya dawo Juma'a kafin magariba, baƙi su kwana a cikinsa a tasha, da hantsi su kwashe komatsansu, masu shara da wanki su shiga, kafin la'asar wasu sun karɓa. Haka ake yi a Girka, haka a Kuroshiya, haka a Turkiyya, tun daga Mayu har ƙarshen Oktoba. Turawan Jamus da Ingila tun cikin hunturu suke kama makonsu, su ba da kafin alƙalami, su koma su ci gaba da harkokinsu. Duk da haka ba a rasa jirgin da zai kai Laraba ba wanda ya kama shi. Wani ya fasa zuwa, wani jirgin kuma dama bai yi farin jini ba. Makon da jirgi ya yi a ɗaure ya tafi ke nan, ba a adana shi a sayar gobe, ga kuɗin tasha da inshora da albashin ma'aikata suna ta tafiya. Mai jirgi ranar Laraba da mai kwandon tumatir a 'Yankaba bayan la'asar, damuwarsu ɗaya.

Mu dai ba hawa teku ya kai mu Turkiyya ba. Yayana sarin tufafi yake yi a Laleli, unguwar nan ta Istanbul da 'yan Kantin Kwari suka san lungu da saƙonta. Na raka shi a farkon Oktoba tare da uwargidansa Hajiya, ga kuma ɗansu da ke karatun injiniya a can. Masu ɗinki suka ce kaya ba za su haɗu ba sai bayan mako guda da 'yan kwanaki. Zaman otal ba aikin fari ba na baƙi ya fara isar kowa, sai yaron ya kawo shawara ranar Laraba da dare: "Abba, mu sauka kudu mu ɗauki jirgin ruwa mana. Lokacin baƙi ya kusa ƙarewa, yanzu neman kai suke da su." Yaya bai ji teku ba, araha ya ji. Kafin mu kwanta yaron ya samo lambar wata dillaliya a Gocek.

Da safe ta turo abin da ya rage. Akwai wani ƙato mai gangar jiki biyu wanda ko bayan rangwame kuɗinsa na ta da hankali, akwai wani ɗan ƙarami da ba zai ɗauke mu ba, sai na tsakiya, mai tsawon mita 13 da ɗakuna huɗu, wanda ta zaftare wa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa. Ta kuma ba mu wata hanyar da ta fi sauƙi: mu kama ɗaki biyu a cikin gulet, wato manyan jiragen katakon nan da Turkawa ke ƙerawa a wajen Bodrum da Marmaris, masu kuku da ma'aikata, inda ake haɗa baƙi daga ko'ina a jirgi ɗaya. Hajiya ta kalli hotunan, ta ga kwalabe a kan tebur da irin shigar masu shan rana, ta miƙa wayar. "Alhaji, in jirgin namu ne mu kaɗai, bismilla. In da waɗannan ne, ku je ku dawo lafiya." Magana ta ƙare a nan.

Abin da dillalai ba sa gaggawar faɗa shi ne rangwamen a kan jirgin kaɗai yake. Kamfani ba ya miƙa wa mutum jirgi sai ya nuna lasisin tuƙin jirgin ruwa, wasu har da takardar iya amfani da rediyon teku. Wanda ba shi da su dole ya ɗauki kyaftin, kyaftin kuwa kuɗinsa na kullum a yanke yake, cinsa da shansa a wuyanka, ɗaki ɗaya cikin huɗun nan kuma nasa ne. Sai kuɗin sharar ƙarshe, sai takardar izinin yawo ta hukuma da ake rubuta sunan duk wanda ke cikin jirgin da lambar fasfonsa, sai mai, sai kuɗin kwana in kun shiga wata tasha, sai jingina mai nauyi da ake riƙewa a katin banki har a ga jirgi ya dawo lafiya. Yaya ya ɗauki biro ya tara, ya ga abin da aka rage masa ta gaba ya kusa dawowa ta baya. Ya yi tayi irin na Kwari, aka ɗan sassauta a kan jirgi, sauran ko sisi.

Ni a ganina mai ɗaukar jirgi a ƙurarren lokaci bai kamata ya ɓata bakinsa a kan shekarun jirgi ko launin kujeru ba, tunda ba shi da zaɓi mai yawa, kuma hotunan da za a turo masa na ranar da jirgin ya fito daga masana'anta ne. Araha ba ta ado. Tambayar da ke da amfani ita ce: wa zai tuƙa? Mutum ne da za ku kwana ku tashi da shi a wurin da bai fi falo guda ba, ku ci a tebur ɗaya, ranku kuma na hannunsa bayan na Allah. Mun gaya wa dillaliyar ƙarara cewa muna son dattijo, wanda ba zai sha giya a jirgi ba, wanda kuma zai yi haƙuri da mutanen da uku daga cikinsu ba su iya iyo ba. Ta ce za ta duba wanda ba shi da aiki a makon. A watan Agusta da wannan buƙatar dariya za a yi mata, amma a Oktoba kyaftin-kyaftin na zaune a gidajen shayi, sai aka dace.

Daga Istanbul zuwa filin jirgin saman Dalaman awa ɗaya ne da 'yan mintuna, daga nan zuwa Gocek kimanin kilomita 20 a mota. Garin ƙarami ne, a lafe a ƙarshen wani mashigin teku, duwatsu masu itatuwa sun kewaye shi, ba dogayen benaye. Abin da ya fi gidajen yawa shi ne sandunan jirage, ɗaruruwa, a jere cikin tashoshi. Tun 1988 gwamnati ta ayyana yankin Fethiye da Gocek a matsayin wurin da ake ba muhallinsa kariya ta musamman, kuma wannan doka har banɗakin jirgi ta shiga. Ba a zubar da ƙazanta a ruwa. Tanki ake tarawa, a je wurin zuƙewa, a rubuta a rajistar da kowane jirgi ke da ita, masu gadin teku kuma suna iya tambaya.

Kyaftin ɗinmu mutum ne gajere mai furfura, rana ta gasa shi, ɗan wani ƙauye a bayan Fethiye. Kafin mu motsa ya zaunar da mu ya yi mana karatu, yaron na fassara. Ga rigunan kariya, wanda bai iya iyo ba ba ya zuwa gaban jirgi sai da ita. Ga sandar da ke kwance ƙarƙashin babban ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi, in ta juyo ba ta san Alhaji ba, kowa ya sunkuya. Banɗaki da famfon hannu ake kora shi, ba a jefa komai ciki. Ruwan daɗi 'yan ɗaruruwan lita ne a tanki, shi ne na girki, na wanke-wanke, na wanka. Da ya ga butocin da Hajiya ta sayo sai ya yi murmushi ya nuna teku. Gaskiyarsa, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, duk ɗalibin fiƙihu ya san wannan, sai dai ranar farko da ka kurkure baki da shi za ka san ka yi.

Mun fita da inji. Da muka bar tasha ya juya goshin jirgi ya fuskanci iska, ya sa ni da yaron muka ja igiya, babban ƙyalle ya hau sandar har ƙoli yana faɗa-faɗa. Ya warware na gaba, ya karkata sitiyari, ya kashe inji. Ƙyallayen suka cika, jirgin ya kwanta gefe guda ya fara tsaga ruwa. Kofunan shayi suka gangara, Hajiya ta damƙe ƙarfe tana salati. Kyaftin ya sa aka gaya mata cewa a ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan ƙarfe mai nauyin tan-tan da ke nitse cikin ruwa, duk yadda iska ta tura sama, shi yana mayar da jirgin tsaye. Ta ce ta ji, amma ba ta saki ƙarfen ba sai da muka tsaya.

Yaya kuwa wani abu ne ya dame shi. Yana ganin tsibirin da aka ce za mu kwana, ga shi can sak gabanmu, jirgi kuma ya nufi wani wajen. "Tambaye shi, ko ya manta hanya ne?" Jirgin iska ba ya iya tunkarar inda iska ke fitowa kai tsaye. Iyakarsa ya kusance ta da kwana kamar digiri 45, ya yi tafiya, a juya ƙyalle, ya koma ɗaya gefen, haka har a isa. Gudunsa in iska ta yi kyau mil biyar zuwa shida na teku a awa, mil ɗin teku kuma mita 1,852 ne, ka ga wajen kilomita goma ke nan, abin da mai keke zai wuce ka yana gaishe ka. Mutumin da ya kama jirgi cikin kwana biyu ta waya, ya biyo jirgin sama, yanzu ga shi yana zagaye a kan tafiyar da inji zai gama cikin rabin awa. Kyaftin ya ce in Alhaji na so a kunna inji, man nasa ne. Yaya ya yi shiru, ya ce a bar shi haka.

Iskar wannan mashigi tana da ɗabi'a. Da safe ruwa kwance yake lum, wajen azahar ta taso daga yamma, ta yi ƙarfi zuwa la'asar, da faɗuwar rana ta kwanta. A kanta ake tsara yini, ba a kan abin da baƙo ke sha'awa ba.

Tsayawa ita ce aikin da ya fi burge ni. Lungunan Gocek suna da zurfi har kusa da gaɓa, kuma jirage na da yawa, don haka ba a barin jirgi ya yi ta juyi a kan anka. Kyaftin zai zaɓi gurbi, ya juya wa gaɓa baya, ya ɗaga hannu. A goshin jirgi wani zai danna maɓalli, anka ta faɗa, sarƙa ta bi ta tana ƙara. Shi kuma yana ja da baya sannu a hankali, yana ƙirga sarƙar da ido. In an kusa duwatsu sai wani ya faɗa ruwa da igiya a kafaɗa, ko ya shiga ɗan kwale-kwalen roba, ya je ya ɗaure a jikin ƙarfen da hukuma ta kakkafa a duwatsun, don ɗaure igiya a jikin itace laifi ne mai tara. Sai a ja igiya ta baya, a ɗame sarƙa ta gaba, jirgi ya tsaya cik. Kyaftin ɗaya ba zai iya duk wannan ba, kuma a irin wannan haya ba ma'aikaci sai ku. Yaron shi ne mai iyo da igiya. Mai anka kuwa Yaya ne, mutumin da a Kano yara uku ke rige-rigen karɓar jakarsa, ga shi tsugune cikin rigar kariya yana jiran dattijon ƙauye ya ɗaga masa hannu. Ranar da ya saki anka kafin a ce, aka sa shi ya janye ta kaf aka sake daga farko.

Wannan ɗauri na gaba da baya ya warware mana matsalar salla. A nan alƙibla kudu maso gabas take, kamfas ɗin jirgi na nuna ta, kuma tunda jirgi ba ya juyawa, inda ka fuskanta a raka'ar farko nan za ka sallame. Daren da muka kwana a kan anka kaɗai a wani buɗaɗɗen wuri, na tayar da isha ina kallon dutse na yi tahiya ina kallon teku, sai da na riƙa gyara tsayuwa ina bin alƙibla yadda malamai suka ce mai salla a jirgin ruwa ya yi.

Da sassafe ƙananan jirage ke zagayawa da burodi mai zafi, tumatir, kankana, wata mata ma tana murza waina mai faɗi da cuku a kan kasko a cikin kwale-kwalenta. Farashin na wanda ba shi da wata kasuwa ne. Da an buɗe zuma ko an yanka kankana sai rina su sauko daga daji. Kyaftin ya zuba garin kofi a faranti ya cinna masa wuta, hayaƙin ya kore su.

Irin wannan yawo yana da tarihi a wajen Turkawa, kuma daga hukunci ya faro. A 1925 kotu ta kori marubuci Cevat Şakir zuwa Bodrum saboda wani rubutu da ya yi, lokacin garin na masunta ne da masu nutso neman soson teku. Wa'adinsa ya cika ya sake komawa can ya zauna. Ya riƙa bin jiragen masunta lungu-lungu, daga baya ya jawo abokansa marubuta da masu zane daga Istanbul suna tafiya tare, da ɗan guzuri, suna kwana a kan katako. Ɗaya daga cikinsu, Bedri Rahmi Eyüboğlu, ya zana kifi a jikin wani dutse a nan Gocek a shekarun 1970, yau da sunansa ake kiran lungun. Mun je mun gani. Zanen bai kai yadda ake zuzuta shi ba, amma kaburburan mutanen Likiya na zamanin dā da aka sassaƙa a cikin dutsen da ke samansa sun isa a hau a duba.

Rigima ɗaya aka yi a tafiyar. Mun so mu fita daga mashigin mu zaga kudu zuwa tsibirin Gemiler, kyaftin ya duba hasashen yanayi ya ce yau ba za a je ba, a wajen tsinin dutsen da ke bakin mashigi igiyar ruwa ta yi girma. Yaya ya duba sama, ga rana tarwai, ya ce shi fa mako ya biya, kwanakin kuma tafiya suke yi. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce jirgin zai iya, shi ma zai iya, amma Hajiya in ta sha wannan ruwan ba za ta sake yarda ta hau ko gada ba. Washegari muka tashi bayan asuba kafin iska ta farka. Ko a hakan, ragowar igiyar jiya ta ɗaga mu ta sauke har kowa ya yi tsit, ni da Yaya muka ba kifaye karin kumallonmu. Ba wanda ya sake ta da zancen jiya. A can nesa ta yamma tsibirin Rodos yake, tafiyar yini guda, amma ƙasar Girka ce, mai koren fasfo sai da bizar Turai, ita kuwa ba a samun ta daga Laraba zuwa Asabar.

Gemiler ya biya wahalar. Tsibiri ne ɗan ƙarami cike da kufan majami'u na zamanin Rumawa, da wata doguwar rufaffiyar hanya ta dutse da ke hawa tudu. Daga wani lungu kusa da shi, inda ruwan sanyi ke ɓuɓɓugowa cikin teku, muka bi turba a ƙafa kamar awa ɗaya zuwa Kayakoy. Gari ne guda a jikin dutse, gidaje ɗaruruwa, ba rufi, ba ƙofa, ba kowa. Kiristoci masu jin Girkanci ne suka zauna a nan har yarjejeniyar 1923, wadda Turkiyya da Girka suka yi musayar jama'a a kan addini: Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka koma Girka, Musulmi wajen 400,000 suka dawo Turkiyya. Waɗanda aka kawo nan manoma ne, ba su ga abin yi da gidajen kan dutse ba, suka sauka kwari. Girgizar ƙasar 1957 ta ƙarasa abin da ya rage. Na leƙa wani gida na ga murhu da gurbin ajiye tulu, da sauran shuɗin fenti a bango, itacen ɓaure ya tsiro a tsakar ɗakin. Hajiya ta daɗe a tsaye a wurin, ta ce matar gidan nan da ganin murhunta mai tsafta ce.

Kyaftin ya tsara mana mu kwana a Fethiye daren Juma'a don mu sami jam'i. Da dare muka je kasuwar kifi, inda kake sayen kifinka a tsakiya, ka miƙa wa ɗaya daga cikin gidajen abincin da ke kewaye su gasa maka da ɗan kuɗi, su haɗa da burodi da ganye. Da safe muka hau matakala zuwa kabarin Amintas, wanda aka sassaƙa a fuskar dutse da ginshiƙansa kimanin shekara 350 kafin haihuwar Annabi Isa, daga can ana ganin garin da tasharsa gaba ɗaya. Aka sallame Juma'a muka yi sauri, don ranar ce duk jiragen haya ke komawa gida lokaci guda. A bakin gidan man Gocek jirage sun yi cincirindo suna shawagi, kowa na tsare layinsa da ihu cikin harsuna biyar. Muka cika tanki, aka zuƙe na ƙazanta, muka shiga gurbinmu.

Mai nutso ya shiga ƙarƙashin jirgi ya duba ko mun gogi dutse, ya fito ya ɗaga babban yatsa. Ma'aikacin kamfani ya bi takardarsa yana ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, har cokula. Abu guda ya ɓace: hannun ƙarfen da ake juya na'urar jan igiya da shi, wanda ya suɓuce wa yaron a wajen Gemiler ya tafi ƙasan teku. Aka faɗi kuɗinsa, za a cire daga jingina. Yaya ya gyara tsayuwa ya ce ai wanda ya faɗa ruwan tsoho ne, ya ga yadda ya goge, ba za a caje shi kuɗin sabo ba. Ma'aikacin ya ce to Alhaji ya kawo tsohon a gani. Aka cire kuɗin sabo, Yaya kuma ya ce zai fanshe daga kuɗin makarantar mai laifin.